Ma Clovis da Fiyanon da Aka Ba Ta Ajiyar Kwana Biyu

Kafin kwale-kwalen masunta su juyo gida, hayaƙin Ma Clovis ya riga ya tashi. Duk wanda ya girma a Anse Galba ya san shi: siriri, yana fitowa daga bayan shuɗin gidan nan na katako da ke ƙarshen Hanyar Tudu, da ƙanshin ɓawon kwakwa a tare da shi. Ɓawon take fara cusawa a tanderu, sannan itace. Wuta na kamawa sai ta koma kan fulawar da ta kwaɓa tun jiya, ta yayyanka, ta murza kowane curi har ya yi tsini a baki biyu, yadda muke son burodinmu. Rediyonta na rataye a ƙusa yana zubo waƙoƙin kaboyi, irin waɗanda ƙato ke kuka saboda mace ta tafi ta bar shi da kare. Tana bi da murya. Ba ta taɓa bi daidai ba.

Idan zubin farko ya shiga wuta, sai ta goge hannu, ta zagaya bayan tanderun, ta buɗe wani ɗan ɗaki da ke jingine da shi. Ta dafa bango ta ji ɗuminsa. Ta yaye bargo, ta ɗaga murfin fiyano, ta danna haƙori ɗaya, kullum shi ɗin dai, ta tsaya har ƙarar ta gama mutuwa.

"To, kana nan," in ji ta. Ta rufe, ta koma ga burodinta.

Haka take yi shekara talatin da ɗoriya. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Eudoxie, amma tun da ta auri Clovis masunci babu mai kiranta da shi sai mijin, shi ma ya daɗe da rasuwa. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni kuwa tun ranar Asabar da aka buɗe baje kolin tarihin bikin jaz na garinmu nake jin kamar in tare duk wanda na gamu da shi in ce: ka je? Ka bi ƙanshin? Tunda ba zan iya tare kowa ba, na ɗauki alƙalami.

Yaran yanzu sun ɗauka a gidan burodi aka haifi fiyanon nan. A'a. Garin ne ya saye shi, da gumin matan da suka yi ta suyar kifi a bakin teku Juma'a bayan Juma'a, lokacin da bikin bai wuce masu busa huɗu a kan dandamalin akwatunan ayaba ba. Mazauninsa zauren coci. Sai babbar guguwar nan ta zo, ta kwashe rufin zauren ta kai shi gonar wani. Da ta lafa aka iske fiyano a fili yana shan ruwan sama. Duk Anse Galba wuri ɗaya ne ya rage busasshe mai ɗumi, ɗakin da Ma Clovis ke ajiye fulawa. Ƙarti takwas suka ɗauko shi a kan sandunan gora suka hau tudu, Clovis a gaba yana ba da umarni, bai riƙe ko kusurwa ba. Ina cikin takwas ɗin. Kafaɗata ta hagu tana tuna min duk damina.

Ma Clovis ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Clovis, akwatin gawar wa ka kawo min?"

"Fiyanon gari ne, Eudoxie. Kwana biyu kawai, kafin a gyara rufi."

"Fulawata fa?"

"Ƙarƙashin gadonmu akwai wuri. Kwana biyu na ce."

Sai bayan shekara uku aka gyara rufin. Aka mayar da fiyano zaure da kiɗa da rawa. Damina ɗaya ya yi a can yana shaƙar iskar gishiri, haƙoransa suka kumbura, in ka danna ba sa tasowa, wayoyinsa suka fara tsatsa. Muka sake hawo tudu da shi. Clovis ya sosa ƙeya, ya buɗe baki, matarsa ta ce, "In ka faɗa, yau ba ka cin abinci a gidan nan." Ya faɗa. Daga nan maganar ta shiga bakin gari. Gudumar da maƙwabci ya ara, surukar da ta zo jinya ta kafa gado, ramin da aka haƙa a titi aka tafi cin abincin rana: duk kwana biyun Clovis ne.

Riƙon fiyano a tsibiri irin namu ba ajiya ba ce, kiwo ne. Danshi ya kashe shi, zafi mai yawa ya tsaga masa katako. Babu wanda ya koya mata, da tafin hannu ta gano. Damina ta kama, a matso da shi kusa da bangon tanderu. Rani ya shigo, a ja shi baya. Duk wanda ya zo sayen burodi ranar matsarwa ya san ba zai karɓi ko gutsure ba sai ya sa kafaɗa. Na ga Fadan cocinmu ya naɗe hannun riga ya tura. Na ga ɗan sanda ya ajiye hula ya tura. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: bangon nan ba zai huce ba. Wato tanderun ba zai yi kwana biyu babu wuta ba, kwana biyu na gaskiya.

Ku tsaya ku auna wannan. Ranar Lahadi sauran masu burodi na hutawa, hayaƙinta yana tashi. Juma'ar Ista, da ko ƙusa ba a bugawa a garin nan, takan hura 'yar wuta ko ba burodi. Ranar da aka binne Clovis, muna shirin tafiya coci cikin baƙaƙen kaya, aka ɗaga kai aka ga hayaƙi. An yi magana. Har yau akwai matan da ba su yafe mata hayaƙin nan ba. Maƙwabciyarta da ta shiga taya ta shiri ce ta ba ni labari. Ta same ta tsugune gaban tanderu da rigar makoki, tana cusa ɓawon kwakwa ɗaya bayan ɗaya.

"Makume, ƙawata, yau ma?"

"Shi ya kawo min shi. Ba zan binne su biyu rana ɗaya ba."

'Yarta Celestine ta yi aure a Toronto, ta haifi uku a can. Ma Clovis ta fuskar waya ta san jikokinta. An aiko mata da tikitin jirgi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A nan ni kaina nake tsayawa, don ba na son jinjinar da ke rufe ido ɗaya. Daidai ne mace ta ba katako da waya abin da ta hana jininta? Wata shekara da Celestine ta zo hutu na ji ta ce, tana dariya amma idonta bai taya ta ba, "Ai ina da ƙane, fiyano sunansa, shi ne ɗan lele." Na daɗe ina juya maganar nan a raina, ban sami inda zan ajiye ta ba. Ba zan ce muku babu wanda ya yi asara ba. An yi. Abin da zan ce shi ne, mu muka ci ribar, mu da muke tafi a dandali duk watan Mayu. Kuma a duk garin nan babu wanda ya taɓa hawa tudun ya ce mata, je ki wata guda, ni zan hura.

Ga kuma abin da ya fi ɗaure min kai: ba ta son jaz. Ko kaɗan. Duk shekara idan muka sauko da fiyano dandali, takan biyo mu da bargo, ta ga an ajiye shi inda rana ba ta dukansa, ta ja kunnen baƙin makaɗa kada wanda ya ɗora masa kwalba, sannan ta koma gida ta ƙure rediyonta. Ti Bo, telan nan da ya fi kowa a garin sanin haƙoran fiyanon, ya sha roƙonta ta zauna ko waƙa ɗaya.

"In zauna in ji me?" in ji ta. "Mutum biyar, kowa na ba da labarinsa lokaci guda, babu mai sauraron wani. In ina son haka sai in je taron kwamiti."

Na yi shekaru ina tambayar kaina wane ne ya fi, mai hidima ga abin da yake so, ko mai hidima ga abin da ko kunnensa ba ya shiga. Na farkon kullum yana karɓar ladansa, daɗin da yake ji. Na biyun fa, me yake karɓa? Na taɓa tambayarta kai tsaye. Ta dube ni kamar na tambaye ta abin da ya sa ruwa ke jiƙa mutum.

"An ba ni ajiya, ba a zo karɓa ba. Burodi nawa kake so?"

Ke ce, Ma Clovis, kika kwana da buhunan fulawa a ƙarƙashin gado don wani abu da ba naki ba ya sami ɗaki. Ke ce kika yi faɗa da gara, da ɓera, da yatsun jikokin maƙwabta masu danƙon alewa. Ke ce mai hayaƙin farko, wadda masunta ke hango tudunta daga teku su san gari ya tashi lafiya. Makaɗa sun zo daga nesa, an ɗauki hotonsu, an rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe, sun tafi. Kowane sautin da suka fitar a dandalin nan, wutarki ce ta riƙe masa rai wata goma sha ɗaya kafin su iso.

Bana bikin ya cika shekara arba'in. Kwamiti ya yanke a yi baje koli a tsohuwar rumfar ayaba da ke bakin gada, inda a da ake yi wa jirgin ruwa lodi. Aikin ya faɗa hannun Malama Verna, mai koyar da tarihi, wadda Ma Clovis ta riƙe a coci ranar baftisma, shi ya sa take ce mata Nennen. Ta yi aikin mutum goma. Ta bi gida gida tana tono hotuna daga ƙarƙashin katifu. Ta samo ƙahon busan da ya lotse shekarar da dandamali ya rufta da mai shi. Ta bi tsoffin makaɗa ta waya har ƙasashen da suka watsu, tana naɗar muryoyinsu. A tsakiyar rumfar aka gina ɗan dandamali, aka kewaye shi da jar igiya. Wurin fiyano ke nan. Wani otal ya ba bikin kyautar sabon fiyano na lantarki, wanda mutum ɗaya ke ɗauka a hammata, danshi bai dame shi ba. Tsohon kuwa za a girmama shi: ya zauna a rumfa, a kalle shi, kada a taɓa. Ita ma Ma Clovis gwiwoyinta sun fara ƙi, Celestine ta sake aiko da tikiti, wannan karon ta ce to. Komai ya zo daidai, in ji kwamiti. Tsohuwa ta huta, tsohon fiyano ya huta.

Shugaban kwamitin, Misye Fontenelle, tsohon jami'in kwastan ne, mutumin da ke sa farar riga gogaggiya ko kasuwar kifi zai je. Shi da Malama Verna suka hau tudu da albishir. Ina wurin, ina jiran zubi na biyu.

"Ma Clovis, mun zo sauke miki kaya," in ji shi. "Ranar Litinin za mu turo mota."

"Ku kai shi ina?"

"Rumfar ayaba. Wuri na musamman, da igiya, da fitila a kansa."

"Rumfar da teku ke tofa wa yawu? Har yaushe?"

"Wata uku na baje koli. Bayan nan ya zauna dindindin."

"Wa zai kaɗa shi?"

"Ba za a kaɗa ba. Ya gama aikinsa."

Ta zaro burodi daga wuta, ta jera a kwando, ba ta yi sauri ba.

"Misye Fontenelle, ni ce na gaji. Shi bai ce muku ya gaji ba."

"Nennen," in ji Malama Verna a hankali, "in kin tafi tanderun zai mutu, nan ma danshin zai same shi. Gara ya lalace inda mutane za su gan shi da ya lalace a ɗakin fulawa."

"To ba zan tafi ba."

"Celestine ta riga ta gyara miki ɗaki."

"Ta saba."

Misye Fontenelle ya gyara wuyan riga. "Ba raini ba, Ma, amma fiyanon nan ba naki ba ne. Na gari ne."

"Na sani. Shekara talatin ina jiran garin ya zo. Ashe kai ne garin. Na ɗauka zai fi haka faɗi."

Ta kulle ɗakin, ta jefa makullin cikin rigarta, inda ko kwastan ba ya bincike.

Gari ya rabu biyu. A teburin domino, a motar haya, a layin famfo, magana ɗaya ce. Wasu suka ce tsohuwa ta cinye kayan jama'a, har da masu rantsuwa cewa sayar wa wani bature za ta yi. Wasu suka ce a bar mata, ai ta wahala. Ni na kasa shiga ko ɗaya. Misye Fontenelle bai yi ƙarya ba, amana ba ta zama mallaka don ta daɗe. In mai kaya ya ce a ba shi kayansa, ko teku zai jefa, da wane haƙƙi mai ajiya zai hana? Amma abin da aka ba ta mai murya ne, su kuma gawarsa suke nema. Wanda ya mayar da ajiya alhali ya san kashe ta za a yi, cika amana ya yi ko cin ta? A bayan duk wannan kuma akwai ɗaki a Toronto da aka shimfiɗa wa sabon zanin gado, da yara uku da aka riga aka gaya wa kaka na zuwa. Ko ta saki fiyanon ya mutu, ko ta zauna ta mutu a gefensa ba ta ɗauki jika ko ɗaya ba. Ma Clovis ta rame a makonnin nan. Ta daina bin rediyo da murya.

Malama Verna ce ta fara ganin hanya. Ti Bo yana cikin kwamitin, shi ya ba ni labari. Tana tace muryoyin da ta naɗa don kusurwar saurare, sai ta lura da wani abu. Ta kira taro a rumfar, ta ajiye wayarta a tebur, ta kunna. Tambaya ɗaya ta yi wa kowane makaɗi: me kake tunawa da Anse Galba? 'Yan kwamiti sun zaci za a ce teku, ko faɗuwar rana, ko giyar rake. Wani tsohon mai ganga ya ce, "Garin nan da fiyanonsa ke ƙanshin burodi?" Wata mawaƙiya ta ce ana ɗaga murfin yunwa ta kama ta, a tsakiyar waƙar soyayya. Wani mai kaɗa fiyano, muryarsa na rawa don tsufa, ya ce ya kaɗa a manyan zauruka, amma nan ne kaɗai ya gama ya yi ta shinshina yatsunsa har otal. Haka suka yi ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke zaune cikin ƙanshin, hancinmu ya daina jin sa tuntuni.

"Misye," in ji Malama Verna, "in muka kawo shi nan, cikin wata guda warin kifi zai yi. Sai mu rubuta me a allon?"

Misye Fontenelle ya daɗe yana kallon dandamalin da ya sa aka yi wa fenti sau biyu.

"To igiyar fa? An riga an ɗaura."

"Za mu sami abin da za ta kewaye."

Ranar Asabar ɗin, jama'a, ina ma kuna wurin. Rumfar ayaba ba ta taɓa cika haka ba ko zamanin jirgi. Hotuna tun daga ƙofa har ƙurya, kowa na neman kansa. "Kompe, abokina, zo ka gani, ashe ka taɓa yin gashi." Wata tsohuwa ta tsaya gaban wani hoto tana share hawaye don ta ga marigayi mijinta yana rawa, sai ta matsa kusa, ta gyara tabarau, ta ce, "Wannan kuma wace ce?" Yara suna layi su sa kunne a kusurwar saurare. Mai ƙahon da ya lotse, da sandarsa, yana nuna wa kowa inda ya faɗo. Sannan aka yaye mayafin da ya rufe dandamalin tsakiya. Cikin jar igiya, ƙarƙashin fitila, a kan farin faranti, burodi ne guda ɗaya mai tsini biyu. Allon da ke gabansa ya ce: Fiyanon Anse Galba yana raye. Ku bi ƙanshi.

Muka juya. Daga ƙofar rumfa an zana burodi da farin fenti a kan kwalta, ɗaya bayan ɗaya, ya bi ta gaban coci, ya karya kwana, ya kama Hanyar Tudu. Ɗakin ƙarshe na baje kolin yana can sama.

Ban taɓa ganin garin nan ya hau tudu haka ba. Masu busa suka shige gaba ba wanda ya ce su shige. Mata da laima, maza da yara a wuya, tsofaffi a bayan motar kifi suna ɗaga huluna kamar 'yan takara. Ni da na hau tudun nan sau da yawa da fiyano a kafaɗa, ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Malama Verna ta gaya wa Nennen ɗinta tun jajibiri, abin da tsohuwar ta ce kawai shi ne, "Kada su taka min barkono." An buɗe ƙofa da tagar ɗakin, an rataya hotuna a shinge, cikinsu har da na masu ɗaukar fiyano, Clovis a gaba, hannu a aljihu.

Ti Bo ya zauna, ya murza yatsu. Muna jiran ya faɗa cikin irin kiɗan da ya saba. Sai ya fara wata waƙar kaboyi, wadda Ma Clovis ta fi so, a hankali, miƙe, babu ko lanƙwasa. Ma Clovis ta fito daga gaban tanderu da dogon katakon zaro burodi a hannu, ta tsaya. Leɓenta ya fara motsi. Sai mai ƙaho ya shigo ta gefe, mai ganga ya biyo shi, waƙar ta saki hanya ta shiga daji, ta hau, ta gangara, ta zagaya, da ƙyar ta dawo gida. Tafi ya ɓarke har tsuntsayen bishiyar mangwaro suka tashi.

"Ka fara kamar mutumin kirki, Ti Bo," in ji ta, "sai ka ɓace a hanya, kamar Clovis in an aike shi sayen gishiri."

"Amma na ga ƙafarki na motsi, Ma."

"Gwiwa ce ke ciwo."

Ba ta koma wajen rediyo ba. Karon farko ke nan.

Muna ta murna, amma wanda duk ya iya tunani ya san ba a gama ba. An hana fiyano zuwa rumfa, to wa zai hana bangon hucewa in wata ya ƙare? Misye Fontenelle ya hau kan akwati, ya yi gyaran murya, ya fara jawabi. Ya yi magana mai kyau, in faɗi gaskiya. Yana cewa, "Wannan fiyano na gari ne, kuma gari ba zai taɓa mantawa ba," sai ga Ma Clovis tana ratso jama'a, hannunta a dunƙule.

"Misye Fontenelle, har yanzu kai ne garin?"

"Ina wakiltarsa, Ma."

"Miƙo hannu."

Ta ɗora masa makullin ɗakin da kwalin ashana.

"Sylvanie 'yar ƙanwata za ta bar kicin ɗin otal ta karɓi burodi, mun gama magana jiya. Amma tana da yara ƙanana. Ba ta hura wuta ranar Lahadi, ba ta hurawa ranar hutu. Waɗannan na gari ne. Ɓawo tukuna, sannan itace. Ka dafa bango da tafin hannu, ba da hankici ba."

"Ma Clovis, ni ko shayi ban taɓa… har zuwa yaushe?"

Mun san abin da ke zuwa, duk muka riƙe numfashi kada mu ɓata shi. Ta dube shi daga takalmi har wuyan riga.

"Kwana biyu kawai."

Dariyar da aka yi, masunta sun ce sun jiyo ta daga gada. Misye Fontenelle bai yi dariya ba. Ya dubi ashanar, ya dubi farar rigarsa, ya dubi mutanen da ya ce yana wakilta. Sannan ya zura kwalin a aljihun ƙirji ya ɓalla maɓalli.

"Na karɓa," in ji shi.

Kashegari Lahadi hayaƙin tudu ya makara, kuma da ya tashi baƙi ne, karkatacce, yana tari. Ma Clovis tana zaune a kujera ta harɗe hannu, ba ta taɓa ko ɓawo ɗaya ba, bakinta ne kawai ke aiki. Na ga Misye Fontenelle yana saukowa da baƙin hayaƙi a wuyan riga, ya bi ta gaban coci ana fitowa, bai rufe ba. Rediyo kuma na jiyo shi daga shinge, da wata murya tana bi, ba daidai ba.

Tambayar da na ɗauko tun farko har yanzu ban amsa ta duka ba. Ban san ko shekarun da Celestine ta rasa suna da madadi ba. Ina jin ba su da shi. Abin da na gane kaɗan ne: mai riƙon amana ba ya sauka sai mai kaya ya zo da hannu biyu. Mu ne muka yi jinkirin zuwa.

Mun gode, Ma Clovis. Mun gode da wutar Lahadi, da wutar Juma'ar Ista, da wutar ranar da ba wanda zai zarge ki in kin bar ta ta mutu. Mun gode da kika ƙi mu lokacin da muka zo da igiya da fitila. Ku kuma masu karatu, ku je rumfar ayaba ku nemi kanku a hotuna, sannan ku bi farin fenti ku hau tudu. Ku sayi burodin Sylvanie, don kowane zubi ɗumi ne ga bango. Misye Fontenelle mutum ɗaya ne, Lahadi kuwa da yawa, kowa ya san ƙofar gidansa. In kuma akwai wani abu a unguwarku da kuke tafa wa sau ɗaya a shekara, ku bincika wa ke hura masa wuta sauran watanni, ku je ku karɓi ashana tun ba a miƙo muku ba.

Sauka lafiya, Ma Clovis. Ki sa rigar sanyi, ki rungumi jikokinki da hannu ba ta waya ba. In Celestine ta tambaye ki kwana nawa za ki yi mata, kin san abin da za ki ce.